Daga Ƙofar Masallaci Zuwa Rumfar Gwanjo: Ina Tufafin Sadakar Da Ake Tarawa A Rusairis Ke Zuwa?

A duk lokacin da damina ta ɗauke, iskar sanyi ta fara busowa daga kan tafkin madatsar ruwa, ko kuma azumi ya raba tsakiya aka shiga lissafin kayan Sallah, akwai wata sanarwa da ba ta yankewa a gidajen rediyo da lasifikokin masallatan Rusairis da Damazin, wato kiran jama'a su kawo tufafin da suka daina sawa domin a raba wa mabuƙata. Alhamdu lillahi jama'a na amsa kira, domin kuwa ba a ɗaukar kwanaki sai ka ga buhuna sun taru a lungun masallaci ko a wani aji na makaranta. Sai dai zagayen da muka yi a irin waɗannan wurare ya nuna mana cewa tsakanin hannun mai bayarwa da jikin mai buƙata akwai doguwar tafiya, kuma a cikin tafiyar nan ne wasu kayan ke ruɓewa, wasu su zama juji, wasu kuma su ɓulla a kasuwa da farashi a kansu.

Mun ga ya dace mu kawo wannan batu gaban 'yan uwanmu 'yan kasuwa, musamman masu harkar gwanjo, wanda a nan Sudan aka fi sani da gogo, saboda abin da ke hana wannan aikin alheri tafiya daidai abu ne da su suka fi kowa ƙwarewa a kansa, wato tantance kaya.

Yadda buƙatar ta taso

Idan mai karatu bai manta ba, Hausawan wannan yanki na Nil Azrak ba baƙin hijira ba ne. Tun bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a kusa da Sinnar. Daga nan ne, tare da mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, ƙauyukanmu suka bazu a gaɓar kogi har zuwa Rusairis, wasu na noman rani, wasu na su, wasu kuma suka shiga aikin auduga a gonakin Jazira bayan an kammala madatsar Sinnar a 1925. Da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10, aikin da aka kammala a farkon 2013, ruwa ya ci ƙauyuka da dama, aka kwashe mutanensu zuwa sababbin garuruwan nan da ake kira da lamba. To amma a wancan tashin mutane sun samu zarafin ɗaure kayansu.

Wanda ya bar jama'a da rigar jikinsu kawai shi ne rikicin watan Yulin 2022, da ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan batun ƙasa da sarauta, ya taɓa Gisan da Ganis da Rusairis, sannan ya sake dawowa da muni a yankin Wad al-Mahi a watan Oktoba. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa daga Yuli zuwa Oktoba na wannan shekara sama da mutum 350 suka rasa rayukansu, kimanin dubu 97 kuma suka bar gidajensu. Makarantu suka cika da mata da yara daga kowane ɓangare, wasu suka nausa Sinnar da Mai Wurno, wasu har jihar Nil Abyad. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, Sinja ta biyo baya a ƙarshen Yunin 2024, lamarin da ya datse babbar hanyar da ke haɗa Damazin da sauran ƙasa har zuwa Nuwamba, lokacin da sojoji suka karɓe garin. Sai ya zamana waɗanda jiya suka gudu daga Rusairis zuwa Jazira, su ne kuma suka juyo da baya tare da waɗanda suka sauke su.

Ga kuma faɗuwar kuɗi. Kafin yaƙi dala ɗaya ba ta wuce fam 600 na Sudan ba, amma a cikin 2025 ta haura fam 2,500 a kasuwar bayan fage. Magidancin da a da yake yanko wa iyalinsa yadi ya kai wa tela, yanzu gwanjo yake nema, wanda a da yake sayen gwanjo kuwa ya koma jiran sadaka.

Su wa ke tarawa

Babu wata hukuma guda da ke riƙe da wannan aiki. Akwai kwamitocin masallatai da zawiyoyi, akwai ƙungiyoyin mata na unguwa, akwai 'yan agaji na Hilal Ahmar, sannan akwai matasan da suka kafa abin da ake kira ɗakunan agajin gaggawa bayan ɓarkewar yaƙi, waɗanda su ne ke gudanar da yawancin takaya, wato wuraren dafa abinci kyauta. Duk waɗannan sun ginu ne a kan al'adar nafir ta mutanen Sudan, wadda ba ta da bambanci da gayya a wurinmu: a kira jama'a, kowa ya zo da abin da yake da shi. Duniya ma ta shaida ƙoƙarin matasan nan, domin a 2025 an ba su lambar yabo ta Rafto a ƙasar Norwe da ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Sai dai a farkon shekarar 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin hukumar USAID, ɗaruruwan takaya sun rufe, kuma ɗan abin da ya rage a hannun matasan abinci da magani yake tafiya. Ba wanda zai ga laifinsu, ciki shi ne gaba. Ke nan batun sutura ya koma kacokan kan abin da ni da kai za mu ciro daga akwati.

Abin da ke cikin buhun

A nan ne gizo ke saƙar. Duk wanda ya taɓa tsayawa aka zazzage buhun sadaka a gabansa ya san abin da muke nufi. Za ka ga jallabiya mai kyau wadda aka wanke aka goge aka ninke, kai ka san mai ita ya bayar da zuciya ɗaya. A ƙarƙashinta kuma sai ka ci karo da wando babu zif, riga mai tabon man inji, takalmi wari ɗaya, ɗan kamfai da aka riga aka sa, labulen da ɓera ya ci. Wasu bayin Allah sun mayar da wurin tara sadaka tamkar bola, suna share ɗaki ne kawai su huta da kaya. Malamai sun sha tunatarwa a kan mumbari cewa aya ta 267 a cikin Suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓo mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya ce shi zai ciyar, kuma tufatar da miskinai goma na daga cikin kaffarar rantsuwa kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, abin da ke nuna cewa sutura ba ƙaramin abu ba ce. Amma da alama wa'azin na tsayawa ne a bakin ƙofa.

Matsala ta biyu ta fi wannan wuyar ganewa, domin kayan na da kyau amma ba su ne ake nema ba. Mafi yawan waɗanda ke zaune a makarantu da sansanoni mata ne da ƙananan yara, alhali mafi yawan abin da ake kawowa kayan manyan maza ne, saboda magidanta su ne ke jin sanarwa a masallaci kuma su ne ke da rigunan da suka ajiye. Kayan yara kuwa ba su cika fita daga gida ba, wa ya cire ƙane ya sa, har sai sun mutu murus. Mace a nan ba za ta fita ba tare da tob ko babban mayafi ba, ga shi tob yadi ne na kusan mita huɗu da rabi, mai tsada, wanda mace ba ta rabuwa da shi da sauƙi. Sai ka tarar an tara tulin wandunan jins da ƙananan riguna na 'yan birni, ga kuma dattijuwa a gefe da zane ɗaya, idan ta wanke sai ta zauna a ɗaki har ya bushe. Mun ga yarinyar da ta daina zuwa makarantar allo saboda wannan dalili, ba don an rasa buhun kaya a unguwarsu ba.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya suka amince da ita, wadda ake kira Sphere, ta ce kowane mutum ya samu aƙalla cikakkiyar sutura kala biyu, daidai jikinsa, wadda ta dace da al'adarsa da yanayin wurin. Idan aka auna da wannan ma'auni, ƙirga buhu ba ya nuna komai. Buhu hamsin na iya tufatar da gida ɗari, yana kuma iya kasa tufatar da gida goma.

Sannan ga ajiya. Yankinmu na daga cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Sudan, daga Yuni har Oktoba. Buhun da aka jingina da bangon ƙasa ko aka ajiye a daɓen siminti a ajin da rufinsa ke yoyo, mako biyu ya ishe shi ya yi fumfuna, gara kuma ta gama da sauran. Akwai wurin da muka leƙa muka tarar kayan da aka tara tun azumi suna nan har tsakiyar damina, ba don mugunta ba, sai don an rasa wanda zai zauna ya rarrabe su, an kuma ji tsoron a fara rabo a yi rububi.

Aikin da ɗan gwanjo ya iya

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa fasa dila ya san cewa riba ba a wurin saye take ba, a wurin zaɓe take. Da zarar an yanke ƙarfen ɗauri, cikin ɗan lokaci gwani ya ware na ɗaya da na biyu da na uku, ya san wanda zai rataya, da wanda zai zube a tabarma, da wanda sai an kai wa tela, da wanda tsumma ne. Hannunsa kawai zai shafa ya gaya maka auduga ce ko roba, ya ɗaga wandon yaro ya faɗi shekarun mai sa shi. Haka ake yi a Ƙofar Wambai ta Kano, haka a Maraɗi, haka a kasuwannin Damazin da Sinja da Gallabat. Wannan ilmi shi ne babu a wuraren tara sadaka, inda za ka ga ɗalibai biyar masu niyyar alheri sun wuni a kan abin da yaron shago zai gama kafin azahar.

Kada kuma a manta cewa ita kanta dilar da muke saye, mai nauyin kilo 45 ko 55, asalinta sadaka ce. A Ingila da Jamus da Amurka mutane ne ke zuba tufafinsu a akwatunan ƙarfe na bakin titi ko su kai shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam. Ƙungiyoyin kan sayar da kaɗan a shagunansu, ragowar su sayar wa kamfanoni a kan kilo, kamfanonin su tantance, wani lokaci a Dubai ko Pakistan inda ƙwadago ke da araha, su matse da inji su ɗaure, sannan a loda a jirgin ruwa. Wato su can sun daɗe da gane cewa tarawa ita ce mafi sauƙi, tantancewa ita ce aikin, kuma suna biyan kuɗi a yi ta.

Inda aka yi sakaci da tantancewa kuwa, sai a dubi kasuwar Kantamanto ta birnin Accra a Gana. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a can ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shiga kasuwar a kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na fita ne a matsayin shara, su toshe magudanan ruwa, su taru a bakin teku. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar. A wannan wata ne kuma dokar Tarayyar Turai da ta wajabta wa ƙasashenta tara tsofaffin tufafi daban da sauran shara ta fara aiki, kuma ba sai an gaya wa ɗan kasuwa inda yawancin ƙarin kayan za su nufa ba. Abin da ke faruwa a lungun masallacinmu ƙaramin hoton wannan ne: wani ya rabu da sharar ɗakinsa da sunan kyauta, ya bar wa wanda ya fi shi rauni wahalar zubarwa.

Shawarar da muke bayarwa ba ta buƙatar ko sisi. Kowace ƙungiyar 'yan gwanjo ta ware mutum biyu ko uku a ranar da ba ta kasuwa ba, su je wurin tara kaya mafi kusa su fasa buhunan kamar yadda suke fasa dila. A ware na mata, na maza, na yara gwargwadon shekaru, na sanyi daban, a ɗaure kowane kashi a rubuta a jiki. Daga nan kwamiti zai san abin da yake da shi da abin da ya rasa, mu kuma a rediyo, maimakon mu ce a kawo tufafi kawai, sai mu ce mayafai ake nema da rigunan sanyi na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Sanarwa irin wannan ta fi kawo abin kirki, domin mai sauraro ya san takamaiman abin da zai ɗauko.

Batun lafiya

Inda mutum arba'in ke kwana a aji ɗaya, ƙazuwa da ƙwarƙwata da makero ba sa neman izni. Riga ɗaya da ta fito daga jikin mai ƙazuwa ta isa ta zagaye ɗaki. Ma'aikatan lafiya sun bayyana cewa ƙwayar ƙazuwa ba ta wuce kwana biyu zuwa uku a raye idan ta rabu da fatar mutum, saboda haka wanki da ruwan zafi, shanya a rana mai ƙarfi da guga sun wadatar, abin da ba ya wankuwa kamar bargo mai kauri kuwa sai a ƙulle shi a leda na aƙalla kwana uku, idan kuma ana zargin ƙwarƙwata a bar shi mako biyu. Tun da aka ayyana ɓullar kwalara a Sudan a watan Agustan 2024 aka ƙara jan kunne cewa kayan da mai amai da gudawa ya kwanta a kai sai an tafasa su ko an jiƙa a ruwan kulorin. Kayan mamaci, da yawancinmu kan bayar sadaka bayan addu'ar bakwai ko ta arba'in, babu laifi a kansu, amma su ma a wanke kafin a kawo. Ɗan kamfai da rigar nono da safa kuwa, wanda zai bayar ya sayi sabo. Ga mai son taimakawa da ba shi da tufafin bayarwa, sandar sabulu da gawayin guga ba su gaza riga daraja ba a wurin nan.

Idan sadaka ta shiga kasuwa

Wannan shi ne abin da ya fi tayar da jijiyar wuya a duk lokacin da muka buɗe layi a shirinmu. Wani zai kira ya ce ya ga rigar da ya bayar da hannunsa rataye a rumfar gwanjo, don haka shi ya daina bayarwa. A ganinmu ya kamata a bambance abu uku da ake cakuɗawa.

Matar da aka ba kwat ɗin namiji alhali ba ta da miji a kusa, ta kai kasuwa ta sayar ta sayi dawa ko maganin zazzaɓin ɗanta, ba ta yi laifin komai ba. Kyauta ta zama tata, kuma ɗan kasuwar da ya saya daga hannunta ya taimake ta, matuƙar bai yi mata sayen wulaƙanci ba don ya ga tana cikin matsi. Haka nan kwamitin da ya ga an tara masa kayan da babu mai sa su a sansani, ya sayar a bainar jama'a, ya rubuta a littafi, ya sayo barguna da mayafai da kuɗin, ya yi dabara, kuma abin da manyan ƙungiyoyin Turai ke yi ke nan. Sharaɗin kawai a faɗa tun kafin a karɓi kayan, a kuma karanta lissafin a masallaci bayan sallar Juma'a. Wanda ba za a lamunta ba shi ne na uku: a tsince masu kyau da daddare a fitar ta bayan gida, a raba wa marayu ragowar. Irin wannan ba ya yiwuwa sai da ɗan kasuwar da zai karɓa ya yi shiru, kuma ɓera da ramin da ya shige duk abu ɗaya ne. Wanda aka kawo wa buhun kaya a wanke a ninke, babu alamar matsin inji, babu tambarin kamfani, a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, ya san abin da yake saye.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Tun da yaƙi ya fara aka samu kasuwannin da jama'a suka laƙaba wa suna kasuwannin Dagalo, inda ake sayar da kayan da aka wawushe daga gidajen mutanen Khartum da Jazira, kuma irin waɗannan kaya sun yi tafiya mai nisa daga hannu zuwa hannu. Ba su da wuyar ganewa ga mai son ya gane: tob ɗin biki har da ƙamshin turaren wuta, zannuwan gado, labule, kayan jarirai, duk a ƙunshe wuri guda kamar yadda aka kwaso su daga sif. Mai yiwuwa matar da aka kwashe wa tana zaune a makarantar da ke bayan rumfarka tana jiran a ba ta mayafi.

Wasu 'yan kasuwa kan yi ƙorafin cewa rabon kaya kyauta na kashe masu ciniki. Ba mu ga alamar haka ba, domin wanda ke layin sadaka ba shi da kuɗin da zai kawo rumfa tun farko. Abin da ya fi taɓa cinikin gwanjo shi ne dokokin kan iyaka. Hukumomin Sudan sun sha haramta shigo da tsofaffin tufafi bisa dalilin lafiya, Habasha ta hana su duk da cewa bonda, kamar yadda suke kiran dila, ba ta daina ratsa iyaka ba, Nijeriya ma ta daɗe da sanya su a jerin haramtattun kaya. Ruwanda ta ɗaga harajinsu daga santi 20 zuwa dala 2.50 a kan kowane kilo a 2016, har Amurka ta janye mata rangwamen shigar da tufafi na tsarin AGOA a 2018. Kayan da aka tara a cikin gida ba su da wannan matsala, ba kwastan, ba kuɗin dala.

Abin da ya mutu ma yana da amfani

Iyayenmu ba su san zubar da ƙyalle ba. A ƙasar nan ma faci ya taɓa zama abin alfahari, domin jibba mai faci-faci ita ce suturar Ansar a zamanin Mahadi, kuma har yau ana ajiye da irinta a gidajen tarihi. Kashi na uku da na huɗu da za su fito daga tantancewa suna da masu nema. Tela zai fitar da rigar yaro biyu daga jallabiya ɗaya da wuyanta ya mutu, ya mayar da tsohon tob zanen goyo ko ɗankwali. Ƙyallen auduga mai laushi, idan aka tafasa aka ɗinke, yana zama ƙunzugu ga jarirai da ƙyallen al'ada ga 'yan mata, abin da ake matuƙar buƙata a sansani amma kunya ke hana a faɗa. Masu ɗinkin katifa da matashi na sayen yankakken tsumma su haɗa da auduga, makanikai a unguwar masana'antu ta Damazin na neman na goge hannu, masunta na toshe kafar jirgin katako da shi, mata na yin gammo ko su naɗe jarka domin ruwa ya yi sanyi. A cikin 'yan gudun hijirar nan akwai teloli da dama, maza da mata, da suka baro kekunansu a baya. Keken ɗinki ɗaya da za a ba da aro a wurin tara kaya zai rage tulin da ake zubarwa, ya kuma sama wa wani abin cefane.

Wanda ya gagara shi ne na roba, irin su foliyesta, wanda shi ya fi yawa a kayan zamanin nan masu araha. Ba ya ruɓewa, ba ya shan ruwa balle a yi tsumma da shi, idan aka ƙona hayaƙinsa na shaƙe ƙirji, idan aka watsar a kwari ruwan damina ya kwashe shi zuwa kogi ya sarƙe komar masunta. Abin da ya fi a yanzu shi ne a yayyanka shi a cusa a matashin zama, ragowar a binne nesa da hanyar ruwa. Abin takaici ne a ce ƙasar da audugar Jazira ta taɓa ciyar da masaƙun Lankashaya a Ingila, ƙasar damuriyya da masaƙar Hasahisa, yau 'ya'yanta na rububin tsumman roba, amma wannan zance ne na wata rana.

Sanyin Disamba da Janairu a bakin tafki ba ya wasa da yaron da ke kwana a kan tabarma, kuma ba a fara shirinsa ranar da ya sauka. Daga Oktoba, da zarar hanyoyi sun bushe, ya kamata a ce an gama tantancewa an ɗaure. Ɗan kasuwar da ke da kwantan kayan sanyi na bara, wanda ya san ba zai fita da riba ba, da mai sito mai rufin kwano da zai ba da kusurwa ɗaya da katakon ɗora kaya, da direban da ke zuwa ƙauyukan gabas da kogi ɗaukar gawayi ko riɗi da bayan mota wayam, duk su sanar da limamin unguwarsu ko shugaban kasuwa. Ƙauyukan nan na nesa da kwalta su ne rabo bai cika isa gare su ba, saboda kuɗin motar kai buhu goma ya fi ƙarfin kowane kwamitin masallaci da muka zanta da shi.